Daga Gangaren Tudu Zuwa Bakin Antau

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa a hankali)

Ina gaida na gida da na kasuwa. Ina gaida direban da ya kamo mu a kan hanyar Akwanga, da uwargidan da ta jingine rediyo a gefen murhu. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gangaren Tudu a cikin garin Keffi, domin daga unguwarku zancen yau zai tashi, ya yi ta gangarawa har bakin kogin Antau.

Ku ɗan tsaya a kan sunan nan, Gangaren Tudu. Magabatan da suka raɗa shi abin da ƙafarsu ta ji suka faɗa: ga tudu, ga gangare. Shi kuwa ruwa, tun da Allah ya halicce shi kwari yake nema. Duk ɗigon da ya faɗo a kan kwanon rufinka zai bi indararo ya sauka tsakar gida, ya fita ta rariya, ya shiga kwata, kwata ta miƙa shi ga lambatu, lambatu ya miƙa shi ga rafi. Ba ya tafiya hannu rabbana. Abin da ya tarar a hanya, da shi yake tafiya.

A daminar da ta wuce ruwa ya tsare ni a rumfar wani tela a cikin gari. Ina zaune a kan benci, keke na ta ƙara, sai ruwan ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ba a yi minti biyar ba na ga ƙofofin gidaje suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Yara ne ke fitowa da bokiti, da tsohon buhu, da kwando, kowa yana rige-rigen juye nasa cikin kwata. Ledar fiya wata, toka, ɓawon rake, tsummokara, kunzugun jarirai na kanti, har da karyayyen takalmin roba. Wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba ta zo daidai gabanmu, ta jiƙe sharkaf, tana fama da bokitin da ya kusa fin ta nauyi.

Na ce, "'Yata, me ya fito da ke cikin ruwan nan?"

Ta ce, "Baba, Inna ce ta ce in yi sauri in zubar, ruwa zai tafi da shi."

Ban ga laifin yarinyar ba. Ko Innar ban yi saurin ganin laifinta ba, domin in kana zaune a lungun da motar kwashe shara ba ta iya shiga, kuma babu juji kusa, dabarar da ta rage maka ke nan. Amma maganar ta zauna mini a rai. Ruwa zai tafi da shi. To, ya tafi da shi ina? Wa zai karɓa?

Amsar tana ƙarƙashin gadar Antau. Duk wanda ya taɓa leƙawa bayan an ɗauke ruwan farko na shekara ya san abin da nake nufi. Leda ta rataye a jikin ciyayi kamar an yi shanya, robobin lemo sun taru a lungun ruwa suna juyawa. Wannan kaya ba daga sama ya faɗo ba. Namu ne, daga ƙofofinmu ya taso.

Bari mu ɗan koma baya, mu ga yadda aka yi gari ya juya wa koginsa baya.

Wajen shekarar 1800 ne Abdu Zanga ya kafa garin nan, masarautar kuma ta kasance ƙarƙashin Zazzau. Sunan Keffi kansa daga kalmar kafi ya fito, wato shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi saboda tsaro. Mutanen wancan zamani makiyaya ne da manoma da fatake, ba za su taɓa kafa gari nesa da ruwa ba. A rafi ake shayar da shanu da dawakai, a can ake wanki, a fadamarsa ake samun ɗanyen ganye lokacin da ko'ina ya bushe. Har yau sunayen unguwanni suna ba da shaida. Unguwar Lambu fa? Sunan ya gaya maka abin da aka san wurin da shi, ko da yake yau ɗakunan hayar ɗalibai za ka fi gani. Gari ne mai tarihi da zuciya: a nan Magaji Ɗan Yamusa ya kashe jami'in Turawa Kyaftin Maloni a 1902, ya nufi Kano, lamarin da Turawa suka sa cikin hujjojinsu na kai wa Kano yaƙi a 1903.

Sai zamani ya juya. Aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, kimanin kilomita 50 kacal daga nan. Aka ƙirƙiro jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996. Aka yi dokar kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a 2001, ta buɗe a Keffi a 2002. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke jawo marasa lafiya da masu jinya daga garuruwa da dama. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Keffi sama da mutum 92,000, kuma duk mai ido ya san yau an wuce nan nesa ba kusa ba. Arziki ya koma bakin kwalta. Kowa ya gina shagonsa yana kallon titi, ya bar bayan gidansa yana kallon rafi. Abin da ke bayan gida kuwa, mun san me ake yi da shi.

Duk da haka kada wani ya ɗauka bakin Antau kango ne. Wannan ita ce maganar da na fi so ku riƙe a shirin yau. Ku je da sassafe ku gani. Akwai masu lambu da ke shuka alayyafo da latas da yalo da kuɓewa. Akwai masu wanki da guga. Akwai samari masu wanke babura da motoci, da masu ɗibar yashi, da masu buga bulo, da makiyayin da ke kawo shanu shan ruwa. Ba su da allon sanarwa, ba su da ofis, amma gidaje da yawa daga nan tukunyarsu ke tafasa, daga nan ake biyan kuɗin makaranta.

Da rani na sauka wajen wani dattijo mai lambu. Na same shi a durƙushe a bakin ruwa yana fama da tiyon injin ban ruwa.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ya ce, "Yawwa ɗana, sannu kadai. Matso ka ga abin da ke cinye mini safiya."

Ya ɗago bakin tiyon. Ya yanko tsohon gidan sauro ya ɗaure da roba a bakin, don kada injin ya zuƙi leda. Gidan sauron ya yi baƙi ƙirin, leda ta manne masa ta ko'ina. Ya ce kafin ya gama shayar da fangali goma sai ya kashe inji sau uku ko huɗu ya tsince, kuma kowane tayarwa fetur ne. A gefe ga tsibin ledar da ya tsamo cikin mako guda, ya kai gwiwa. Na tambaye shi, da gwamnati za ta zo ta gyara bakin kogin nan, zai yi murna? Sai ya yi shiru, ya goge hannu a jikin riga.

Ya ce, "Ɗana, ina so a gyara mana. Amma in ka ji an ce za a gyara wuri, irinmu ake fara kora."

Jama'a, tsoron dattijon nan yana da tushe. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta jihar Legas, ƙarƙashin Raji Rasaki, ta rushe unguwar Maroko da ke bakin ruwa, aka raba mutane kimanin 300,000 da muhallinsu. An ce wurin ƙazanta ne, ruwa na cin sa. Da aka cike shi da yashi sai ya zama filayen masu hannu da shuni. An sake yin irin haka a Otodo Gbame tsakanin 2016 da 2017. Talaka ya sha ganin cewa ranar da aka gane bakin ruwa yana da daraja, ranar ake gane shi bai dace da wurin ba. Ni ba na goyon bayan irin wannan gyara ko kaɗan, kuma ba shi nake yi wa Keffi fata ba. Gyaran da zai tashi mai lambu ya kafa otal, an canza wa arziki aljihu ne kawai, garin bai ƙaru da komai ba.

Akwai wata hanyar kuma da ake bi, ita ce a rufe rafin a huta da ganinsa. Mutanen Kano sun san labarin Jakara. A bakinta aka kafa kasuwar Kurmi zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Rafin da ya raini kasuwa mafi shahara a ƙasar Hausa, sannu a hankali ya koma magudanar ƙazantar birni, har sunansa ya zama abin toshe hanci. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka ɗauko aikin gina masa magudanar kankare da shimfiɗa titi a kansa, aikin da ya ɗauki shekaru yana tafiyar hawainiya. Mai gida a bakin Jakara yana da dalilin yin maraba da rufewar, domin shi ya san warin da sauron da ya kwana da su. Amma ruwan da ke gudana a ƙarƙashin kankaren bai tsarkaka ba. Yana fita bayan gari, masu lambu suna ban ruwa da shi.

A birnin Seoul na Koriya ta Kudu su ma sun taɓa bin wannan hanya. Sun rufe rafin da ya ratsa tsakiyar birninsu, suka ɗora masa titin sama. Bayan shekaru sai suka dawo daga rakiyar dabarar. A 2003 magajin garin, Lee Myung-bak, ya sa aka rushe titin, zuwa 2005 aka buɗe rafin mai tsawon kusan kilomita 6, da hanyar tafiya a ƙasa da wuraren zama. Yau baƙi daga ko'ina suna zuwa gani. Sai dai kafin mu yi sha'awa mu san abu biyu. Yawancin ruwan da ke gudana a ciki da injina ake turo shi kullum, abin da ke buƙatar wuta ba yankewa. Kuma ɗimbin 'yan tireda da ke cin abinci a wurin an tashe su, da yawa ba su sake samun ciniki kamar da ba. Mu namu kogin Allah ne ke turo ruwansa, ba a rufe shi ba tukuna, bai kuma mutu ba. Abin da wasu suka kashe dukiya mai yawa suka tono, mu yana nan a buɗe a gabanmu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kamo mu, muna magana ne a kan kogin Antau da abin da zai iya zama ga arzikin garin Keffi.

Yanzu bari in yi muku wani ɗan lissafi, kowa ya bi ni a hankali. In aka yi ruwan sama na milimita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, lita 1 ke nan ta sauka. Ɗauki gida mai rufin mita 10 sau 10. A yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30, irin wanda muke gani a watan Agusta. Rufin nan kaɗai zai zubar da lita 3,000, wato jarka 150 irin ta 'yan garuwa mai lita 20. Gida ɗaya fa, ruwa ɗaya. To, ka ninka da yawan gidajen Gangaren Tudu, ka ƙara da na Tudun Kofa, da Yara, da Liman Abaji, da Unguwar Rimi, da Sabon Gari. Da can, tsakar gida ƙasa ce, bayan gida gona ce, ƙasa na shanye kaso mai yawa. Yau mun dafe tsakar gida da siminti, mun shimfiɗa intalok, mun yi kwalta. Ruwan da ke ɗaukar yini yana tsiyaya, yanzu cikin rabin sa'a ya isa kwari gaba ɗaya. In ya tarar da kwalbati a toshe da kayan da muka aika masa, sai ya nemi hanya ta ɗakin wani.

A nan fadama take da aikinta. Wannan shimfiɗaɗɗen fili na gefen kogi da muke gani a bushe da rani har mu ɗauka banza yake zaune, ɗakin baƙin ruwa ne. In kogi ya cika, nan yake baje kayansa ya huce, ƙasa ta sha, rijiyoyin kusa su samu. Shi ya sa noman rani ya dace da wurin, shi ya sa filin ƙwallo da wurin shan iska suka dace da shi, domin in ruwa ya hau su kwana biyu ya janye, ba a yi asarar rai ba. Ɗakin kwana ne bai dace da shi ba. Wanda ya sayar maka da fuloti a kan hanyar ruwa da rani, da damina ba za ka gan shi ba. Ba mu manta da Mokwa ta jihar Neja ba, inda ruwa ya afka wa unguwanni da asubahin 29 ga Mayu, 2025, ya hallaka sama da mutum 150, Allah ya jiƙansu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganar yashi kuwa mai nauyi ce, kuma ina yin ta da sanin cewa samari da yawa da shebur suke ci da iyayensu. Garin da ke gini dare da rana dole ya nemi yashi. Amma in aka kwashe fiye da abin da damina ke kawowa, cikin kogi yana zurfafa, gaɓa ta rasa madogara ta rufta, gonar da ke kai ta bi ruwa. In ramin ya matso kusa da gada, ƙafafunta ake yi wa ƙwaƙwalo. Hana ɗiba gaba ɗaya ba zai yiwu ba, ba zai ma yi adalci ba. Abin da zai yiwu shi ne a zauna da ƙungiyar masu tifa da masu lodi, a ware inda za a ɗiba da inda ba za a taɓa ba, a nisanci gada da gaɓar lambuna, kuma wani kaso na kuɗin da ake karɓa a kan kowace tifa ya dawo wajen ɗaure gaɓar. Ɗaure gaɓa ba sai da kankare ba. Ciyawar jema da kakanninmu suka sani tana da saiwa mai nitsewa ƙasa sosai, tana riƙe gaɓa kamar an ɗinke. Ga gora, ga malmo mai son bakin ruwa, ga mangwaro a ɗan sama inda zai ba da inuwa ya ba da 'ya'ya.

Iyaye mata, ga taku. In yaro ya dawo daga wanka a rafi, bayan 'yan makonni kika ga jini a ƙarshen fitsarinsa, wannan tsargiya ce, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wasu ƙananan katantanwa na cikin ruwa, tana shiga ta fata, kuma fitsarin mai ɗauke da ita ne ke mayar da ita ruwan. Tana da magani a asibiti, a kai shi da wuri. Addininmu ma ya hana yin bahaya a mashayar jama'a da kan hanya da inuwar da ake hutawa. Sai dai wa'azi kaɗai ba zai wadatar ba in babu ban ɗaki. Mai wanki da ya wuni a bakin kogi, ina zai zaga?

To, ina arzikin yake? Domin na san wani yana can yana cewa, Malam, duk wannan tsafta ce, mu kuɗi muke nema.

Ku tsaya a bakin babban titi ranar Juma'a da yamma ku ƙirga motocin da ke fitowa daga Abuja. An faɗaɗa hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafia har Makurɗi, sama da kilomita 200, kuma tun watan Fabrairu na 2025 ake karɓar kuɗin wucewa a kanta, ɗaya daga cikin shingayen ma sunan Keffi yake ɗauke da shi. Dubban mutane ke ratsa mu kullum da kuɗi a aljihu. Nawa ne ke tsayawa? In sun tsaya ma, su sha mai, su sayi yalo ko rake ta taga, su wuce. Mun zama garin da ake bi, alhali muna iya zama garin da ake zuwa. Ga dubban ɗalibai a jami'a, waɗanda in sun gaji da karatu ba su da wurin zama sai bakin titi cikin hayaƙi. Ga masu jinya da ke kwana da kwanaki a garin nan suna neman inda za su ɗan sarara. Ga ma'aikacin Abuja da ya wuni cikin cunkoson Mararaba da Masaka, wanda ranar Asabar yake neman inda zai kai 'ya'yansa su ga ruwa da bishiya ba tare da albashinsa ya ƙare ba.

Ku kwatanta a ranku a ɗauki wani yanki kaɗan na gaɓar Antau, ko da rabin kilomita ne, inda ba a riga an cike da gini ba. A share, a dasa itatuwa, a yi hanyar ƙafa da tsakuwa, a kafa fitilu masu aiki da hasken rana, a gina ban ɗaki mai mai kula da shi. Mai lambu yana nan a fangalinsa, sai dai yanzu mai saye yana iya saukowa ya sayi latas a gindinsa ba sai ta hannun dillali uku ba. A sama ga rumfunan mata masu masa da kunun gyaɗa da fura da nono, ga mai tsire, ga mai gasa kifi. Masu wankin mota an matsar da su baya kaɗan, an yi musu dandamali da ramin tacewa mai yashi da tsakuwa, don baƙin mai da sabulu kada su zarce cikin kogi. Ba sabon mutum aka kawo ba, ba sabuwar sana'a aka ƙirƙira ba. Waɗanda ke nan ne aka gyara wa zama. Kuma naira da aka kashe wajen mai masa ba ta barin gari: za ta je wajen mai shinkafa, ta je wajen mai niƙa, ta shiga adashi, ta biya tela. Wadda aka kashe a katafaren kanti na baƙo, da daddare take kama hanyar wani gari.

A Kigali ta ƙasar Ruwanda sun yi makamancin haka da wata fadama mai suna Nyandungu, hekta 121, wadda ta lalace. Suka mayar da ita fadamarta, suka dasa dubban itatuwa, suka yi hanyoyin ƙafa da na keke, suka buɗe ta a 2022. Tana tare ambaliya, tana tace ruwa, tana kuma kawo kuɗin shiga. Amma ba sai mun je nesa ba. Argungu ta jihar Kebbi ba ta fi ƙarfin a kwatanta ta da Keffi ba, kuma duniya ta san ta ne saboda wani yanki na kogi da ake kira Matan Fada. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a can, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2016. Abin lura shi ne, kifin da ake kamawa ranar biki ya samu ne domin an hana su a wurin sauran kwanakin shekara, kuma Sarkin Ruwa da masarauta ke tsare wannan doka. Mutane suna bi domin dokar tasu ce, sun san mai ita.

Wannan ya kawo mu kan wa zai ɗauki me. Mai Martaba Sarkin Keffi, Dokta Shehu Chindo Yamusa na Uku, yana kan gadon sarauta tun 2015, kuma a ƙarƙashinsa akwai hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane lungu da mai shi. Su ne za su iya abin da nake ganin ya kamata ya riga komai: a rubuta sunan duk wanda ke cin abinci a bakin kogin nan yau, da sana'arsa, da inda yake tsayawa, tun kafin injiniya ya zo da ma'auni. In ba a yi haka ba, ranar rabon rumfuna za ka ga fuskokin da ba su taɓa taka laka ba sun zo da takarda, mai gidan sauro a bakin tiyo kuwa yana tsaye a waje.

Ƙasar cikin birni, bisa dokar amfani da ƙasa ta 1978, amana ce a hannun gwamna, kuma jihar Nasarawa tana da hukumar NAGIS mai kula da taswira da takardun filaye. Ita ce za ta iya shata iyakar ruwa a taswira, ta ce daga nan zuwa nan ba a ba kowa takardar gini. A kafa turaku masu fenti a ƙasa yadda ko wanda bai yi boko ba zai gani. Wajen kuɗi kuma, akwai shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamba 2021, na dala miliyan 700, domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma aikinsa ke nan: farfaɗo da ƙasar da ta lalace da kula da magudanan ruwa. Jiharmu tana ciki. Irin waɗannan shirye-shirye sun fi sauraron al'ummar da ta zo a ƙungiyance, da rajista da shugabanni da buƙata a rubuce. Sannan ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Gangaren Tudu mazaɓa ce cikin mazaɓu 10 na Keffi, tana da kansila. Haƙƙinku ne ku same shi cikin mutunci ku tambaya: Ranka ya daɗe, nawa aka ware wa kwashe shara bana, kuma ina ne matattarar unguwarmu?

Ni a ganina a nan ne aikin zai tsaya ko ya faɗi. Ko an kashe biliyan a bakin Antau, in lungunan tudu ba su da inda za su kai shara, ruwan farko zai kwaso ta ya shimfiɗa a kan sabuwar hanyar ƙafar. Lungun da mota ba ta shiga, baro yana shiga, kura tana shiga. Samari biyu da kura ɗaya, kowane gida ya ba da ɗan abin da aka amince a mako, a kai matattara, mota ta kwashe daga can. Sana'a ce ta samu, kuma robobi da gwangwani da ƙarafa akwai 'yan jari bola da ke saye. Ranar tsaftar ƙarshen wata kuma, in mun yashe kwata, kada mu tara dagwalon a bakinta mu tafi. Na sha ganin an yi aikin gumi tun safe, an bar tsibi a gefe, kaji sun tona, ruwan dare ya mayar da shi inda aka ciro shi. Wanda kuma Allah ya hore masa tanki ko randa babba, ya tara a bakin indararo. Kowace jarka da ka tare ta rage wa na kwari nauyi, ta kuma rage maka kuɗin ɗan garuwa.

Kafin in baro lambun dattijon nan ya tsinko mini yalo ya cika mini aljihu, na yi na yi in biya ya ƙi. Ya rako ni har bakin hanya, sannan ya ce, "Ɗana, in ka koma rediyon, ka gaya wa na tudu ni ba na fushi da su. Ganyen da nake shukawa da ruwan nan, su ne ke saye su kai gida su yi miya." Baba, ga shi na isar.

Ga abin da nake roƙon kowane mai sauraro a Gangaren Tudu da maƙwabtanta ya yi kafin mu sake haɗuwa. Ranar Asabar da safe ka kama hannun ɗanka ko 'yarka, ku tsaya a bakin rariyar gidanku, ku bi kwatar da ƙafa. Duk inda ta karkata ku karkata, ku lura da inda ta toshe da abin da ya toshe ta, ku ci gaba har inda ta ƙare. Abin da kuka gani ku kai wa mai unguwa, mu ma ku aiko mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu sauka wajen masu ɗibar yashi da masu buga bulo mu ji ta bakinsu, domin yau mun yi magana a kansu ba su nan.



(Kiɗan rufe shiri)